Cutar Noma: Kada Mu Bar Uwa Ita Kaɗai da Jinya

A wannan shafi mun saba magana a kan noma: kula da dabino, shukar albasa da tumatir, ban ruwa a garka. Yau ma sunan noma za ku ji, amma wannan noma daban ne. Suna ne na wata cuta da ke kama ƙananan yara a baki. Likitoci ne suka raɗa mata sunan, sun ɗauko shi daga harshen Girka, inda kalmar ke nufin abin da ke ci yana yaɗuwa. Babu abin da ya haɗa ta da gona ko hauya. A ƙasar Sakkwato wasu na ce mata ciwon daji, wasu na ce mata ciwon iska. A rediyo kuma mukan ji ana kiran ta cutar zaizayar baki.

Cuta ce wadda ba a cika gani ba. Mutum na iya tsufa a Dirku bai taɓa ganin yaron da ta kama ba. Amma gidan da ta shiga, ba a sake zama kamar da. Ra'ayinmu shi ne, nauyin wannan jinya ya fi ƙarfin uwa ɗaya, kuma mu jama'a muna ƙara mata nauyin da bakinmu da shirunmu. Abin da za mu tattauna ke nan.

Yadda take farawa

Cutar noma ta fi kama yara daga shekara 2 zuwa 6, wato daga lokacin yaye zuwa lokacin famfara. Takan fara da ɗan abu. Dasashin yaro ya yi ja, ya kumbura, in an taɓa shi jini ya fito. Daga nan sai ɗan gyambo ya fito a dasashi. Baki ya fara wari mai ƙarfi, miyau ya riƙa zuba, yaro ya ƙi cin abinci, jiki ya yi zafi.

Idan ba a yi magani ba, sai kunci ko leɓe ya kumbura ya yi tauri. Bayan ƴan kwanaki wurin ya yi baƙi, naman ya mutu, ya faɗi, ya bar rami a fuska. Wani lokaci takan ci har ƙashi, da hanci, da gefen ido. Duk wannan na iya faruwa cikin mako biyu kacal.

Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta yi ƙiyasi a 1998 cewa yara 140,000 ne cutar ke kamawa kowace shekara a duniya. Ta ce idan ba a yi magani ba, 9 daga cikin 10 mutuwa suke yi. Amma ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: idan aka kai yaro likita tun cutar tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da wanke baki, da abinci mai kyau suna tsayar da ita. Maganin ba mai tsada ba ne. Abin da ke da tsada shi ne jinkiri.

Abin da ke kawo ta

Cutar noma ba iska ba ce, ba sammu ba ce, ba kambun baka ba ce. Ba a ɗaukar ta daga wani yaro zuwa wani. Ƙwayoyin cuta ne da ke zaune a baki suke samun galaba a kan yaro sa'ad da jikinsa ya yi rauni. Abin da ke raunana jikin kuwa mun san shi: tamowa, ƙyanda, masassarar cizon sauro, zawo, da rashin tsabtar baki.

A ƙasarmu aka yi ɗaya daga cikin manyan binciken da aka taɓa yi a kan wannan cuta. Daga 2001 zuwa 2006, likitocin Janeba ta ƙasar Suwis sun bi yara 82 da cutar ta kama a jahar Damagaram, suka gwada su da wasu yara sa'o'insu masu lafiya. Sun gano cewa ta fi kama yaron da ya rame ko ya tsumbure, da yaron da bai daɗe da tashi daga zawo ko ciwon ƙirji ba, da yaron da uwarsa ta yi ciki da yawa.

Turai ma ta san wannan cuta. Shekaru 200 da suka wuce tana cin ƴaƴan talakawa a biranensu. Da abinci ya wadata, tsabta ta samu, magani ya zo, sai ta ɓace. Ta sake ɓullowa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu a sansanonin da Jamus ta tsare mutane cikin yunwa, kamar Auschwitz. Wannan ya isa shaida. Inda yunwa take, nan cutar take zuwa, ko a Turai ko a Sahara.

Halin da iyaye ke shiga

Mu ɗauki misalin wata uwa a cikin unguwanninmu. Ta yaye ɗanta domin ta samu wani ciki. Yaron ya yi ƙyanda, ya tashi a rame. Wata safiya ta ji bakinsa na wari. Ta ce haƙori ne, ta jiƙa masa kanwa. Bayan kwana uku kunci ya kumbura. Maigida ba ya nan, ya bi mota zuwa Agadas, ko yana wurin haƙar zinariya, waya ba ta shiga. Ba ta da izinin fita, ba ta da kuɗi a hannu. Surukarta ta ce a kai shi wurin mai magani. Aka yi turare, aka yi shafe-shafe, aka sayar da akuya. Kwana biyar suka wuce a haka.

Ranar da kuncin ya yi baƙi, maƙwabta suka daina turo ƴaƴansu gidan. Wata ta ce uwar ce ta fita da shi da tsakar rana iska ta taɓa shi. Wata ta ce alhaki ne. Uwar ta ji duk wannan. Sai ta shige ɗaki da ɗanta, ta rufe masa fuska da zane. Ba ta barci, domin yaron na kuka dare da rana. Takan ɗiga masa kunu da cokali, rabi ya shiga, rabi ya fito ta ramin kunci. Ga sauran yara suna jiran tuwo, ga ɗiban ruwa, ga cikin da take ɗauke da shi.

Wannan misali ne, amma iyayen da suka yi jinyar cutar noma za su gane kansu a cikinsa. Wahalarsu iri uku ce. Akwai wahalar jiki, wato rashin barci da aikin da ba ya ƙarewa. Akwai wahalar aljihu, domin dabba da kayan ɗaki sukan tafi tun kafin a isa likita. Akwai kuma wahalar zuciya, ita ce mafi nauyi: uwa tana ganin laifin kanta, jama'a kuma suna tabbatar mata da haka.

Mu faɗi gaskiya. Wannan wahala ta uku, mu muke kawo ta. Cuta ba ta yin gulma, mutane ke yi. Kuma gulmar tana kisa, domin uwar da ke jin kunya ɓoye ɗanta take yi, yaron da aka ɓoye kuwa ba ya isa likita a kan lokaci. Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Uba ma yana da nasa ciwon. Sau da yawa yakan yi shiru, ya ƙaurace wa gida, domin ba ya iya kallon fuskar ɗansa, ko domin ba shi da abin kai shi asibiti. Wani har ya saki uwar. Muna cewa wannan kuskure ne babba. Ɗan na su biyu ne ranar suna, na su biyu ne kuma ranar ciwo.

Nisan hanya

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu mutanen Kawar, yoyonmu nisa ne. Daga Dirku zuwa Bilma, inda asibitin gunduma yake, bai kai kilomita 50 ba. Amma daga Dirku zuwa Agadas ya fi kilomita 600, cikin rairayin Tenere, babu kwalta. Daga Agadas zuwa Damagaram kuma akwai wasu kilomita kimanin 450. Ke nan uwar da za ta kai ɗanta Damagaram za ta yi tafiyar da ta fi kilomita 1,000, da yaro marar lafiya a cinya, cikin zafi da ƙura, bayan ta yi kwanaki tana jiran mota.

Cutar da ke gama ɓarnarta cikin mako biyu ba ta jiran mota. Saboda haka, a wurinmu, ceton yaro ba a Damagaram yake ba, ba a Yamai yake ba. Yana nan gida, a kwana biyu ko uku na farko, a gidan likitan garinmu. Tun 2006 dokar ƙasa ta ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a gidajen likita na gwamnati. Haƙƙinmu ne, mu je mu nema. Wanda ya kai ɗansa ranar da ya ga jini a dasashi, da wuya ya buƙaci doguwar tafiya.

Inda ake samun taimako

Yaron da cutar ta riga ta ci wa fuska, shi ma ba a yanke masa ƙauna. Ƙungiyar Sentinelles, wadda Edmond Kaiser ya kafa a Suwis a 1980, ta buɗe cibiyar kula da yara masu cutar noma a Damagaram a 1992. A can ana wanke gyambo, ana ba da magani da abinci, ana koya wa uwa yadda za ta kula da ɗanta, ana kuma bin yara har ƙauyukansu bayan an sallame su. Waɗanda aikinsu ya yi tsanani, an sha kai su Janeba a yi musu tiyata su dawo. Ƙungiyar Hilfsaktion Noma ta ƙasar Jamus, wadda aka kafa a 1994, ita ma ta yi shekaru tana wannan aiki a Nijar, musamman a Yamai da Tawa.

A maƙwabciyarmu Najeriya, an buɗe asibiti na musamman na yara masu cutar noma a Sakkwato a 1999. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara tallafa masa a 2014, ana yi wa yara tiyata ba tare da an karɓi ko dala ba.

Ranar 15 ga Disamba 2023, OMS ta sa cutar noma cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi sakaci da su. Najeriya ce ta jagoranci ƙasashen da suka nemi a yi haka. Cikin waɗanda suka yi ta fafutika har aka kai ga wannan akwai mutum biyu da cutar ta ci wa fuska suna yara. Ɗaya ita ce Mulikat Okanlawon, wadda aka yi wa tiyata a asibitin Sakkwato, daga baya ta zama ma'aikaciya a cikinsa. Ɗayan shi ne Fidel Strub, haifaffen Burkina Faso, wanda aka yi wa tiyata fiye da sau 20. Su biyun suka kafa ƙungiyar waɗanda suka tsira daga cutar, mai suna Elysium. A 2024 mujallar Time ta Amurka ta sa su cikin mutum 100 da suka fi tasiri a harkar lafiya a duniya. Duk uwar da ke kuka a ɗaki yau, ta san cewa waɗannan ma an taɓa rufe musu fuska da zane.

Jinyar da ke biyo baya

Mutane da yawa na zaton da gyambo ya warke an gama. A gaskiya a nan wata jinyar take farawa. Sa'ad da wurin ke haɗewa, tabon yakan janye, ya ɗaure muƙamuƙi, har yaro ya kasa buɗe baki. Sai cin abinci ya yi wuya, magana ta yi wuya. Domin haka likitoci ke koya wa iyaye motsa muƙamuƙin yaro, a buɗe a rufe, sau da yawa kowace rana, wata da watanni. Yaro ba ya so, yana kuka, amma idan aka bari bakin zai kulle.

Tiyatar gyaran fuska kuma ba a yin ta nan da nan. Sai gyambo ya warke sarai, yaro ya yi ƙarfi, abin da kan ɗauki watanni da yawa, wani lokaci fiye da shekara. Kuma sau da yawa ba tiyata ɗaya ba ce. A je, a dawo, a sake komawa. Kowace tafiya uwa na barin gida, da garka, da sauran yara. Wa zai dafa musu? Wa zai ba shuka ruwa? Idan dangi da maƙwabta ba su tsaya ba, uwar za ta gaji ta daina zuwa, aikin likita ya tashi a banza.

Sannan ga maganar lakkwal da makarantar allo. Cutar noma fuska take ci, ba ta taɓa hankali. Yaron da ya tsira yana iya karatu kamar kowa. Abin da ke korar shi daga aji shi ne dariyar yara da baƙin sunan da ake laƙaba masa. Yara kuwa a bakin manya suke jin irin waɗannan sunaye.

Ga masu cewa ba matsalarmu ba ce

Wani zai ce, ai yawancin yaran da ake kaiwa Damagaram daga karkarar kudu suke fitowa, me ya sa za mu ɓata tawada a kan cutar da ba mu cika gani ba a Kawar? Amsarmu kashi uku ce.

Na farko, Dirku mahaɗa ce. Akwai Barebari, da Tubawa, da Buzaye, da Hausawa ƴan kudu da suka zo neman abinci da iyalinsu. Yaranmu na zuwa kudu, na kudu na zuwa nan. Na biyu, abin da ke buɗe wa cutar ƙofa yana nan tare da mu. Ƙasarmu ba ta noma hatsi, daga nesa ake kawo shi, da ayari ko da mota. Duk shekarar da hanya ta yi wuya, ko hatsi ya yi tsada, tukunyar yara ce ke fara raguwa. Na uku, cutar da ba a saba gani ba ita ce aka fi saurin kuskure a kanta. Inda ba a san ta ba, a nan ake ce mata ciwon haƙori har lokaci ya ƙure.

Kuma duk matakin da ke kare yaro daga cutar noma yana kare shi daga tamowa, da ƙyanda, da zawo. Babu asara a ciki.

Garka da tukunyar yaro

A nan noman gona ya haɗu da maganar cutar noma. Dabino abinci ne mai ba da ƙarfi, amma shi kaɗai ba ya gina jikin yaro. Kunun hatsi tsura ma haka. Yaron da aka yaye yana buƙatar a ƙara masa abin gina jiki a kunu: nonon akuya, ƙwai, garin wake, garin ƙuli-ƙuli, ɗan mai, ganyen zogale da aka busar a inuwa aka daka. Ya ci sau huɗu ko biyar a rana, a ƙwaryarsa shi kaɗai, domin idan ya sa hannu tare da manyan yara ba ya samun rabonsa.

Muna kira ga masu garka: kafin ku kai tumatir da ganye kasuwa, ku fitar da na yara. Ku dasa zogale a bakin rijiya. Akuya mai nono kada ta zama abin sayarwa na farko. Jariri ya sha nonon uwa zalla har wata 6, a ci gaba da ba shi har shekara 2, kada a yaye shi dare ɗaya. A kai shi awo. A yi masa allurar ƙyanda yana da wata 9, a koma a yi ta biyu a cikin shekararsa ta biyu. Ya kwana cikin gidan sauro. Bayan ya ci dabino ko alewa, a wanke masa baki da ruwa mai tsabta. A goge masa haƙora kullum, da tsumma mai tsabta idan ƙarami ne, da asawaki idan ya tasa.

Abin da muke nema

Ga iyaye mata: sau ɗaya a mako, ranar Juma'a in kun so, ku buɗe bakin kowane yaro a cikin haske ku duba. Idan kun ga jini a dasashi, ko gyambo, ko kuka ji wari, ku wanke da ruwan da aka tafasa aka sa ɗan gishiri, ku kai shi likita a ranar. Idan kunci ya kumbura, ko dare ne kada ku jira safiya.

Ga iyaye maza: duk wanda zai yi tafiya, ya bar wa iyalinsa izini a fili, a gaban mahaifiyarsa, cewa idan yaro ya yi ciwo a kai shi likita ba sai an jira shi ba. Ya bar ɗan kuɗi domin haka. Idan jinya ta yi tsawo, ya karɓi nasa kaso, ko rakiya, ko tsaron gida.

Ga masu maganin gargajiya da wanzamai: ku ne ake fara zuwa wurinku, kuma jama'a na jin maganarku. Idan aka kawo muku yaro mai warin baki da kumburin kunci, kada ku tsaga, kada ku ƙona, kada ku riƙe shi ko kwana ɗaya. Ku tura shi likita. Mutuncinku ƙaruwa zai yi.

Ga masu unguwa, da limamai, da ƙungiyoyin mata: a kafa asusun jinya a kowace unguwa. Ko dala 20 kowane gida ya zuba a mako, cikin shekara za a tara abin biyan mota. A yi magana da direbobin hanyar Agadas su riƙa ba marar lafiya da uwarsa wuri a gaba. Idan uwa ta tafi jinya, maƙwabta su yi karɓa-karɓa wajen dafa wa yaranta. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ga malaman lakkwal da na allo: yaron da ya dawo da tabo a fuska, ku zaunar da shi a gaba, ku gaya wa sauran yara cewa ba a ɗaukar ciwonsa, ku hana a kira shi da wani suna ban da na yanka.

Ga hukumomin kiwon lafiya: muna roƙon a horar da ma'aikatan Dirku, da Bilma, da Fachi, da sauran garuruwan Kawar su gane cutar tun tana dasashi. Duk yaron da aka kawo awo, a duba bakinsa kamar yadda ake auna hannunsa. Kada maganin kashe ƙwayoyin cuta ya yanke a gidajen likitan da ke nesa, domin mu ba mu da wani wurin da za mu ruga mu saya. Sunan da cutar ta samu a jerin OMS a 2023 ba zai amfane mu ba sai ranar da ya zama magani a kan kanta a Dirku.

Ku da kuka koyi karatu, wannan aiki naku ne. Ku karanta wa maƙwabta wannan shafi, a dandali da wurin suna da bakin rijiya. Idan kun san gidan da ake ɓoye yaro saboda fuskarsa, ku je ku yi sallama, ku zauna, ku sha ruwan gidan, ku ɗauki yaron. Daga nan ku gaya wa uwar cewa ba laifinta ba ne, kuma akwai inda ake gyara. Yau da yamma kuma, kafin rana ta faɗi, kowa ya kira ƴaƴansa ya duba bakinsu.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.